Wai da gaske shinge yana faɗin shekarunsa? Fashin baƙi kan lissafin Hooper

Duk wanda ya taɓa zama wajen raba gardamar iyakar gona ya san abun da ake fara nema, tsoho. A aika a ɗauko dattijon da ya fi kowa daɗewa a duniya, ya zo yana dogara sanda ya ce ai wannan layin aguwar tun ina yaro nake ganinta, wancan gamban kuwa a gabana aka dasa shi, shikenan magana ta mutu ko kuma ta ƙara rincaɓewa. To a Ingila an yi wani masani da ya zo da dabara wai ba sai an tado tsoho ba, shingen da kansa zai gaya maka shekarunsa in dai ka iya ƙirga ire-iren itatuwan da ke jikinsa. Kowane iri ɗaya, shekara ɗari. In ka fara ji kamar tatsuniya, amma yau sama da shekara 50 kenan ana aiki da shi ana kuma faɗa a kansa, kuma ni dai faɗan ya fi dabarar daɗin ji a wajena.

Bari mu fara da shingen kansa don kar wani ya ɗauka darni ne irin na kara da ake sakewa duk kaka. Nasu shinge ne mai rai, jerin ƙayoyi da ƙananan itatuwa da aka dasa kusa da kusa a kan iyakar gona ko bakin hanya, sau da yawa a kan ɗan tudun ƙasa da kwari a gefe, aikinsa ya tsare tumaki da shanu kar su fita ko kar su shiga. Idan ya yi tsawo ƙasansa ya fara buɗewa sai manomi ya zo da adda ya sari kowane gindi har ya kusa tsinkewa amma bai tsinke ba, ya kwantar da shi a karkace kan na kusa da shi, ya kafa turaku ya saƙa, daga gindin nan sababbin rassa su tofo su cike gurbin. Bayan wasu shekaru a sake. Kaga kenan itacen da kake gani yau ba shi ne wanda aka dasa ranar farko ba, jikansa ne ko tattaɓa kunnensa daga saiwa ɗaya, shi ya sa dabarar nan da aka sani ta yanke kututture a ƙirga zobban da ke ciki ba ta da wani amfani a nan, za ta gaya maka yaushe aka yi saran ƙarshe ne kawai. Shinge zai iya kai shekara 600 alhali babu reshe ɗaya a jikinsa da ya wuce 40.

Mutumin sunansa Max Hooper, ya rasu a 2017. A shekarun 1960 yana aiki a wata cibiyar bincike ta gwamnati da ke Monks Wood, can yankin Kambirij, kuma abun dariyar ba shekarun shinge aka ɗauke shi ya bincika ba, a sashen da ke duba illar magungunan feshi ga tsuntsaye da sauran halittu yake. Yana cikin haka ya lura cewa ba feshi kaɗai ke rage tsuntsaye ba, gidajensu ma, wato shingaye, ana tumɓukewa, don bayan yaƙin duniya na biyu manoma sun koma manyan taraktoci da injinan girbi masu son fili fetal, gwamnati ma har tallafi take bayarwa a cire shinge a haɗe gonaki. Sai ya shiga bin tsofaffin taswirori yana gwadawa da abun da ya rage a ƙasa, a nan ne idonsa ya kai kan wani abu, shingayen da takardu suka nuna sun tsufa su ne suka fi yawan ire-iren itatuwa, na baya-bayan nan kuwa iri ɗaya ne ko biyu.

Bai tsaya a hasashe ba. Ya tattara shinge 227 waɗanda akwai takardar da ke nuna shekarunsu, wasu daga takardun rabon ƙasa na majalisa, wasu daga taswirar gandun masu sarauta, wasu ma daga takardun kyautar ƙasa na zamanin Angulo Sakson, tsofaffin sarakunan Ingila, takardun da suke zayyana iyaka dalla-dalla, daga wannan rafi zuwa wancan shinge zuwa tsohuwar ƙaya kaza. Ya ƙirga ire-iren da ke cikin tsawon yadi 30 na kowanne, eh yadi dai irin na tela, wajen mita 27 kenan, ko ka ce taku 30 na babban mutum. Lissafin da ya fito shi ne ka ninka yawan iri da 110 ka ƙara 30. Iri biyar, shekara 580. Iri goma, shekara 1130, wato tun kafin Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Mutane suka sauƙaƙa abun suka ce iri ɗaya ƙarni ɗaya. A 1974 maganar ta fito sosai a littafin Hedges da ya rubuta tare da Ernest Pollard da Norman Moore, daga nan ta bazu, malaman makaranta suna kwasar yara zuwa bakin gona da takarda da fensir, ƙungiyoyin masu son tarihin ƙauyukansu suna fita ƙarshen mako suna ƙirga.

Ƙirgan ma yana da ƙa'ida. Ba a farawa daga kusurwar gona ko bakin ƙofa ko inda shingen ya jingina da daji ko lambun gida, don can irin waje yana shigowa da sauƙi. Gefe ɗaya kake bi, itatuwa da ƙayoyi masu tsayuwa da ƙafarsu kake ƙirgawa, masu yaɗo da nannaɗe jikin wasu ba sa ciki. Kuma ba sau ɗaya ba, ka auna wuri uku ko huɗu a jikin shinge ɗaya ka fitar da matsakaici.

To me zai sa shinge ya riƙa ƙara iri da tsufa? Wannan ɓangaren kam hankali ya ɗauka. Ka ɗauka an dasa ƙaya iri ɗaya zalla, wadda suka fi dasawa wata ce mai yin farin fure a watan Mayu, su kansu wani lokacin da sunan watan suke kiranta, bari ni ma in ce mata ƙayar Mayu. Tsuntsaye su ci 'ya'yan itace a wani wuri su zo su sauka a kanta su yi kashi, iri ya faɗi a gindi. Iska ta kwaso irin itatuwan ash da mefil masu fikafikai ta watsa, shingen ya tare su. Ɓera da kurege su binne gyaɗar itacen hezil da ƙwallon bishiyar oak su manta. A fili tsiron nan ba zai kwana biyu ba tunkiya ta cinye shi, amma a tsakiyar ƙaya bakinta ba ya kaiwa, sai ya samu ya girma. Sai dai mafi yawa mutuwa suke saboda inuwa da cunkoso, sai wanda ya dace da wani gurbi, shi ya sa abun yake tafiyar hawainiya. Kuma kowane iri da saurinsa. Wani itace da suke kira elda ɗan gaggawa ne, cikin 'yan shekaru ya shigo kuma ba ya daɗewa. Ash da wardin daji su ma ba sa ɓata lokaci. Mefil na gona sai shinge ya ɗan kwana biyu, hezil da sifindil kuwa in ka gan su da yawa to akwai magana, ba kasafai suke shiga sabon shinge da kansu ba.

Shi kansa Hooper bai ce lissafinsa wahayi ba ne, ya faɗa cewa za a iya kuskure da shekara 200 gaba ko baya. Ka tsaya ka auna wannan, shingen da lissafi ya ba 580 zai iya zama 380 zai iya zama 780, tazarar shekara 400 kenan tsakani, kamar a tambaye ka shekarun mutum ka ce tsakanin 38 ne da 78. Ba ƙarya ka yi ba amma ba za a ba ka aikin rajistar haihuwa ba. Matsalar ita ce yadda magana take in ta shiga bakin jama'a, iri ɗaya ƙarni ɗaya ya zauna daram, gargaɗin kuwa ya zube a hanya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sai ka san wani abu na tarihin ƙasar Ingila kafin ka gane. A tsakiyar ƙasar, yankuna irin su Leicestershire da Northamptonshire da Lincolnshire, da can ƙauye yana da manyan filaye biyu ko uku ne a buɗe ba shinge, kowane manomi yana da ɗan siririn yanki nan da can, ga kuma makiyaya ta kowa da kowa. Daga baya majalisa ta riƙa yin doka ƙauye bayan ƙauye ana haɗe yankunan ana raba su gona-gona ana killacewa, dokoki sama da 5,000, mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850, kuma talakawa da yawa sun rasa wurin kiwo da itacen girki a wannan rabon, wannan wani dogon zance ne na daban. Duk wanda aka ba gona dole ya kewaye ta. Oliver Rackham na jami'ar Kambirij, wanda ya ƙare rayuwarsa kan tarihin dazuzzuka da karkarar Ingila, ya ƙiyasta cewa an dasa shinge wajen mil 200,000 a cikin wannan ƙarni ɗayan. Wa zai tsaya zaɓen iri a irin wannan aiki? Masu renon dashe suka buɗe kasuwa suna sayar da ƙayar Mayu dubu-dubu, ita ce mai arha mai saurin girma, aka jera ta a miƙe ɗoɗar kamar an ja da igiya. Lokacin kuma kwal yana ƙara samuwa yana isa ƙauyuka ta hanyoyin ruwa da jirgin ƙasa, buƙatar itacen wuta daga shinge ta ragu.

Mutumin shekarun 1400 ko 1500 fa? Shi shingensa rumbu ne. Daga nan yake samun itacen girki, ƙotar gatari da sandunan saƙa, ganyen da zai sara wa dabbobi lokacin da ciyawa ta yi wuya, 'ya'yan itace da gyaɗar hezil. Kuma babu wata kasuwar dashe, daji yake shiga ko makiyaya ya tono duk ƙaramin tsiron da ya samu ya kawo ya dasa. Kenan tun ranar farko shingensa iri biyar ne ko shida.

Kaga matsalar ko? In ka zuba waɗannan gida biyun a tebur ɗaya, tsofaffi masu yawan iri da sababbi masu iri ɗaya, lissafi zai ja maka layi mai kyau ya ce iri yana ƙaruwa da shekaru, alhali wani kaso mai yawa na bambancin daga hannun masu dasawa ya fito, ba daga kashin tsuntsu ba. Ka duba ma lissafin da kansa, iri ɗaya yana ba da 140, ka cire 140 daga 1974 ka faɗa 1834, cikin zamanin killace filaye. Ta ƙasa lissafin yana bugawa daidai saboda a nan tarihin ya daidaita da shi. Can sama ne, wajen iri shida bakwai takwas, abun yake zama lalube. Masu bincike irin su Tom Williamson na jami'ar East Anglia da Gerry Barnes, waɗanda suka bi shingayen Norfolk suka fitar da littafi a 2006, a nan suka fi matsa lamba, cewa yanayin ƙasa da yadda aka dasa tun asali suna da nauyi sosai, kuma waɗanne iri ne a ciki ya fi nawa ne a ciki faɗin gaskiya. A Shropshire ma an samu shingaye da takarda ta nuna ba su tsufa ba amma cike suke da iri, saboda masu ƙananan gonaki a can gauraye suke dasawa.

Sai maganar ƙasa da sanyi. Kudancin Ingila mai ƙasar alli da farar ƙasa yana da itatuwa kala-kala da za su iya shiga shinge, arewa da tuddai masu tsamin ƙasa da iska kuwa ire-iren da ke iya rayuwa a can tun asali kaɗan ne, to ko shingen ya shekara dubu daga ina zai samo iri goma? Ba ya ƙirƙiro su. Sannan akwai 'yan mamaya. Itacen elam ta saiwa yake yaɗuwa, ya bi ƙarƙashin ƙasa yana tofowa yana danne kowa har shinge mai iri bakwai ya koma elam zalla, ka zo da takardarka ka rubuta shekara 140 alhali kana tsaye gaban iyakar da ta girmi kakannin kakanninka. Ko cutar nan da ta kashe miliyoyin manyan elam a shekarun 1970 ba ta raba shingaye da shi ba, saiwar tana nan tana tofowa. Baƙar ƙaya ma haka take yi. Sai kuma hannun mutum, wani manomin in ya zo kwantar da shinge yana cire elda da duk abun da ba ya tsare dabba, wani kuma ya cike gurbi da abun da ya ga dama.

Akwai wani nau'in da ni ya fi burge ni, shingen da ba a taɓa dasa shi ba. Mutane su sare daji su yi gona, su bar siririn bakin dajin a matsayin iyaka, maƙwabci ma ya sare nasa ɓangaren, sai a wayi gari dajin ya tafi saura wannan ɗan zaren. Irin wannan daga haihuwa attajiri ne, duk abun da ke dajin yana jikinsa. Ana gane shi da karkacewarsa, da kuma ƙananan tsirran da ke gindinsa irin na ƙasan daji, kamar shuɗin furen nan mai siffar ƙararrawa da wasu ganyayyaki da ba sa iya tsallaka fili, tafiyarsu a shekara ba ta taka kara ta karya ba, in ka gan su jere a gindin shinge nesa da kowane daji to da wuya in ba can aka bar su ba. Pollard ya yi aiki a kan irin waɗannan a yankin Huntingdon. Kusa da Monks Wood ɗin ma akwai wanda ake kira shingen Judith, da sunan wata 'yar 'yar'uwar Wiliyam na Nomandi da ta mallaki ƙasa a wajen, ana ba shi sama da shekara 900, kuma yana cike da iri.

A can Cornwall kuwa, ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, lissafin faɗuwa yake warwas. Abun da suke kira shinge a can bangon ƙasa ne da aka yi wa fuska da duwatsu, tsirrai suna fitowa a kansa, kuma a yankin Penwith akwai iyakokin gonaki da suka haura shekara 2,000 ana amfani da su har yau. Iskar tekun Atilantika ba ta barin itace ya miƙe, in ka ƙirga sai ka samu iri biyu ko uku.

To a jefar da shi kenan? Ni ban ga haka ba, Rackham ma da ya san karkarar nan kamar yunwar cikinsa bai jefar ba. Abun da lissafin yake iyawa, musamman a kudu da tsakiyar Ingila, shi ne ya raba maka shingen zamanin killacewa da wanda ya riga shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abun da ba ya iyawa shi ne ya ce maka 1420 ne ko 1580. Masu aikin da gaske suna ɗaukar ƙirgan a matsayin shaida ɗaya ne cikin shaidu, sai su nemi sauran. Shingen a miƙe yake ko yana lanƙwasa? Akwai wata lanƙwasa mai kama da harafin S da aka juya baya, ita wannan sawun garmar shanu ce ta zamanin da, don jerin shanu takwas ba sa juyawa nan take, sai mai huɗa ya fara karkata su tun kafin ya kai ƙarshen kunya, shingen da aka dasa daga baya a kan wannan layin sai ya gaji lanƙwasar. Tudun da yake kai babba ne mai faɗi ko ɗan ƙarami? Yana kan iyakar gundumar coci? Hanyar da ke gefensa ta zurfafa saboda daɗewar tafiya? Yana cikin taswirorin zakkar coci da aka zana bayan dokar 1836? In duk waɗannan suka yi magana ɗaya da ƙirgan, to ka kama wani abu.

Na san wani zai ce mu gwada a namu mana, ga burtali da layin aguwa, ga bini da zugu, ga lalle da ake kewaye gona da shi a wajen Kano. A'a fa. Lambar 110 ɗin nan ba daga sama ta sauko ba, daga shingaye 227 na Ingila ta fito, da tsuntsayensu da damunarsu da tumakinsu. Namu reshe ake sara a kafa, da rani kuma ana sakin awaki a gonaki su bi duk wani ɗanyen tsiro, aguwar ma saboda dabba ba ta cinta ne ta tsira. Wanda yake son irin wannan lissafin a nan sai ya fara daga inda Hooper ya fara, ya nemo shingayen da aka san shekarunsu tukuna.

Abun mamaki, duk da wannan jayayya ƙirgan ya shiga doka. A 1997 aka yi dokar kare shingaye a Ingila da Wales, manomi ba zai tumɓuke shingen gona ba sai ya sanar da ƙaramar hukuma, ita kuma tana da kwana 42 ta duba ko shingen yana cikin masu muhimmanci, in yana ciki ta hana. Sharaɗin farko ya kai shekara 30. Daga nan ko dai tarihi ya tsaya masa, misali yana kan iyakar gunduma tun kafin 1850, ko kuma a ƙirga, iri bakwai a cikin mita 30 ya wadatar, iri shida sai da ƙarin alamomi uku irin su tudu ko kwari ko manyan bishiyoyi a jere, iri biyar sai da alamomi huɗu. Amma ka lura da wayon masu rubuta dokar, ba su ce iri bakwai shekara 800 ba ne, cewa suka yi yana da muhimmanci kawai, suka bar shekarun ga masu gardama. Kuma a jerin yankunan arewacin Ingila sun rage ɗaya daga kowace lamba, can iri shida ma ya isa a hana taɓa shi.